Ƙafata da Kofin Gassan

Wata goma sha ɗaya na yi tsakanin Gusau da Bur Sudan, kuma kanikanci ne ya ciyar da ni duk tsawon hanyar. Sunana Mamuda. Na koyi gyaran babur a hannun wani tsohon soja, na shekara tara a ƙarƙashinsa, don haka duk garin da guzuri ya yanke mini sai in bi ƙarar guduma in nemi aiki. A Fallomi na yi wata biyu ina gyara wa ma'aikatan gidan waya babura. A Jinaina zazzaɓi ya kayar da ni, wata tsohuwa da ba mu jin yaren juna ta yi jinyata da kunun gero har na miƙe. A Ubayyid na rasa takalmi. Abin da ban taɓa bari ya yi nisa da ni ba shi ne akwatin ƙarfen da na zuba kayan aikina, da shi nake matashi.

Ranar da jirgin ruwa ya sauke mu a tashar Jidda, kaina na juyawa saboda amai, wani mutum mai farar jallabiya ya tare ni da Hausa garau.

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Daga ina? Gusau? Ai mahaifiyata 'yar Ƙaura ce!" Ya dubi akwatin ya rage murya. "In masu bincike suka ga wannan za su ce aiki ka zo yi ba hajji ba, su mayar da kai a jirgin da ya kawo ka. Kawo in fitar maka da shi ta ƙofar 'yan dako, mu haɗu a bakin masallaci."

Na yi wata da watanni ban ji an ambaci Ƙaura ba. Na miƙa masa har da godiya. Na zauna a bakin masallacin nan tun azahar har aka yi magariba. Haka na shiga Jidda, makaniki babu ko sifana ɗaya.

Bayan hajji abokan tafiyata suka juya, ni na zauna. Na bar matata Rabi a gida da 'yarmu tana rarrafe, na yi musu alkawarin ba zan dawo hannu biyu ba. Na shiga dako a tasha, ina ɗaukar buhunan shinkafa da siminti, ina kwana a wata rumfar kwano a bayan unguwar Sharafiyya tare da mutum shida. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi kamar an rufe shi a tukunya. Abin da ya riƙe ni shi ne rumfar Hala Zainab. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta suka zo da ƙafa daga Haɗeja, Hausarta rabi Larabci. Tana sayar da tuwo da miyar kuka ranar Juma'a. Ranar da na fara ci sai da hawaye ya zubo mini a kwano. Ta gani, ta ƙara mini miya.

"Kul, ya waladi, ci. Gida yana nan, ma yaruh, ba ya zuwa ko'ina."

A rumfarta na haɗu da Baba Taha, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, dattijo mai aikin sassaƙa ƙarfe da inji. Ya daɗe yana kallon hannuna kafin ya yi magana.

"Ya zol, wannan hannun ba na ɗan dako ba ne. Baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin farcen. Me kake gyarawa?"

Washegari ya kai ni warshar da yake aiki, wato garejin wani attajiri mai suna Shehu Hamza. Aka turo mini wani babur da ya shekara bai tashi ba, kafin la'asar yana ruri. Shehu Hamza ya karɓi fasfona ya jefa a aljihun tebur, ya zama kafilina, wato ubangidan da zamana a ƙasar ke hannunsa. Da iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito na kai wa Baba Taha ya karanta mini. A gurbin sana'a an rubuta mai shara.

"Takarda ce kawai," in ji shi. "Ni ma tawa mai gadi aka sa."

Shekara biyu na yi a nan lafiya lau, har ɗan mai gidan ya dawo daga karatu a ƙasar waje. Gassan sunansa. Kyakkyawan saurayi ne, mai taushin hannu, kullum da mujallun Turawa cike da hotunan masu tseren babur. A lokacin talabijin bai daɗe da shigowa Jidda ba. Gidajen gahawa suna ɗora akwatin a kan kanta, mutane su cika benci suna kallon ko mene ne aka nuna. Duk wanda fuskarsa ta fito sau ɗaya, to ya zama wani abu a gari. Gassan ba ya son komai a duniya kamar wannan.

Wata rana ya zo da mota ɗauke da wani tsohon babur na sojan Ingila, irin na zamanin yaƙi, da ya saya a gwanjon tasha. Gishirin teku ya cinye shi, ɓeraye sun yi gida a ƙarƙashin sirdin.

"Ya usɗa Mamuda," ya ce, karo na farko ke nan da wani a gidan ya kira ni da sunan gwani, "ina so wannan tsohon ya yi gudun da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan. Na yi magana da mutanen talabijin. Za su kawo agogo su auna, su ɗauka a nuna. Za ka iya?"

Na zagaya babur ɗin sau biyu, na ɗora hannu a kan injin. Silinda ɗaya ce, amma ƙatuwa, ƙarfen kirki na da. Na ce zan iya.

Wata biyar ban san hutu ba. Na kwance shi har ƙusa ta ƙarshe. Na sa Baba Taha ya rage kan silinda kaɗan-kaɗan har matsin ya kai yadda nake so, ya sassaƙa mini sabon fistin mara nauyi. Na zauna da tsumma da garin goge ƙarfe ina sulɓe hanyoyin iska har ina ganin fuskata a ciki. Na faɗaɗa kafireta, na canza bawul, na sauya haƙoran sarƙa. Fitila, madgadi, salansa, jak, duk na cire na zubar, abin da bai ciru ba na huda shi don ya rage nauyi. Gassan ya samo mana man jirgin sama, ban tambaye shi daga ina ba. Shi aikinsa ya zauna a kujera da kwalbar lemo yana cewa, "Yalla, yaushe?"

A kudancin gari, can bayan inda aka fara gina masana'antu, akwai wani fili na busasshen gishiri, shimfiɗe kamar faranti. Nan muka kai shi gwaji. Da na tayar da shi sai da tsuntsayen bakin teku suka watse. Gassan ya hau, ya sa giya ta ɗaya, ta biyu, babur ya ɗaga kai, sai ga shi ya taka birki ya sauko a tsorace. Ya ce sirdin ne bai yi masa daidai ba. Ni na hau na kai shi ƙarshen filin na dawo. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, na so babur ɗin nan kamar ɗan da na haifa.

Ana saura kwana biyu a yi gudun, Gassan ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

"Kai za ka hau. Za ka sa rigar fata da hular kwano da tabarau, mu naɗe maka fuska da rawani, ka sa safar hannu. Tsawonmu ɗaya. In ka wuce tuta ta biyu ka zarce bayan motarmu, mu musanya kaya. Babu wanda zai sani."



"Matarka," ya ce. "Babana zai aika mata da biza ita da yarinyar. A gyara maka iƙama a rubuta usɗa. Wallahil azim."

Rabon da in ga Rabi shekara uku ke nan da wani abu. Na amsa. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfa, manyan gari suka zauna a kan dardumai, mutanen talabijin suka kafa na'urarsu mai ƙafa uku. Tuta biyu aka kafa da tazara mai nisa, kowace da mai riƙe da agogo. Gassan ya hana Baba Taha zuwa, ya ce warsha ba za ta zauna babu kowa ba. Na fito daga bayan mota a naɗe kamar gawa, jama'a suna tafi suna kiran sunan Gassan.

Na ɗauko gudu tun daga nesa. Na kwanta a kan tanki, haɓata na bugun ƙarfe, na murɗe totur har ƙarshe. Tuta ta farko ta wuce kamar an fizge ta. Allurar ma'aunin gudu ta haura inda ba ta taɓa zuwa ba, ta tsaya tana rawa a jikin ƙusa. Iska ta nemi ta cire mini kai. Tuta ta biyu ta wuce. Na san na yi, na ji a jikina. Na sassauta hannu ke nan sai tayar gaba ta faɗa wani rami da ɓawon gishiri ya rufe.

Da na farfaɗo ina kwance, bakina cike da gishiri da jini, ƙafata ta dama ta juya tana kallon inda bai kamata ba. Motarmu ce ta fara isowa, ta tsaya ta kare ni daga idon jama'a. Gassan ya diro. Na ɗauka ɗaga ni zai yi. Zif ɗin rigar ya kama.

"Bi sur'a, da sauri! Cire masa kafin su iso!"

Shi da direba suka zare mini rigar, suka ja wandon fatar ta kan karyayyar ƙafar. Na yi ihun da ban san ina da shi ba, Gassan ya toshe mini baki da tafin hannunsa. Suka jefa ni bayan mota suka rufa mini tamfol. Ta wata huda na ga ya sa rigar, ya durƙusa ya ɗebi gishiri ya shafa a fuska da gashi, ya kwanta kusa da babur. Da jama'a suka iso sai ya miƙe a hankali yana ɗaga hannu. Suka ɗauke shi a kafaɗa.

Tun hantsi nake ƙarƙashin tamfol ɗin nan har la'asar. Ina jin ana jawabi, ana ba shi kofi, aka kawo tiren shinkafa da rago aka ci. Ƙarfen motar ya yi zafi har ya ƙona mini baya. Direban, wani Bayamane da ban taɓa sanin sunansa ba, ya lallaɓo sau biyu ya ɗura mini ruwa, yana cewa in yafe masa, shi ma Shehu Hamza ne kafilinsa.

Ba su kai ni asibiti ba, don a can za a yi tambaya. Wurin wani maɗori suka kai ni a bayan gari, ya ja ƙafar ya ɗaure da kara. Ta haɗe a karkace, ta gajarce da kusan yatsa uku. Haka nake tafiya har yau.

Hala Zainab ce ta ɗauke ni ta ajiye a zaurenta wata uku. Ita ke dafa mini romon ƙashi, ita ke zagina in na ƙi ci. Ranar da za a nuna abin a talabijin, Baba Taha ya ce kada in je. Na ce ko da rarrafe. Ya riƙe ni da sanda muka shiga gidan gahawa na bakin titi bayan la'asar, wuri ya cika maƙil. Na ga kaina a cikin akwati, ɗan baƙin ɗigo yana tsaga farin fili, mutane suna kabbara. Sai ga Gassan da kofi a hannu. Mai gabatarwa ya tambaye shi wa ya gyara wannan tsohon ƙarfe haka.

"Da hannuna," ya ce, ya ɗaga su ga na'ura. "Kowace ƙusa ni na ɗaura."

"Babu wanda ya taimaka?"

Ya yi dariya. "Allah kaɗai. Sai wani Takaruni, baƙar fata, da ke share mini warsha, in na ce miƙo sifana ya miƙo guduma."

Gidan gahawa ya fashe da dariya. Wani na kusa da ni har yana dukan cinya. Baba Taha ya matse mini hannu. A kan bencin nan na yi rantsuwar da ban gaya wa kowa ba.

Da na fara takawa na je wurin Shehu Hamza na tuna masa maganar Rabi. Bai ɗago daga takardunsa ba.

"Gurgu zai riƙe iyali a Jidda? Ka gode Allah ban mayar da kai ƙasarku ba. Halas, koma bakin aiki."

Na koma. Na zama mutumin da ya fi kowa ladabi a warshar. In Gassan ya shigo in miƙe a kan sandata in ce, "Marhaba, ya sidi." Ya ajiye kofin a ofis, yana kawo abokai suna kallo, ni nake kai musu shayi. Na rubuta wa Rabi cewa ta ƙara haƙuri, ban ambaci ƙafa ba. Kusan shekara na yi haka. Abinci ba ya mini daɗi, in na rufe ido tamfol nake gani. Ina jira ne kawai, ban san me nake jira ba.

Sai ga wani injiniya Ba'italiye da ke aiki a tasha ya aiko da ƙalubale. Shi ma yana da tsohon babur da ya gyara, ya ce a koma filin gishiri, a gaban talabijin, amma kowa ya hau fuska a buɗe har sai an ba da tuta. Ina jin ya ji ƙishin-ƙishin cewa ba Gassan ne ya hau a karon farko ba. Gassan ba shi da hanyar zillewa, gari duk ya ɗauka. Ya zo mini da fara'a.

"Ya usɗa, ka tayar mini da shi, ya fi na da. Wannan karon ni zan hau, na koya."

Ya ɗan koya, ba laifi. Na ce, "A kan idona, ya sidi." Na miƙe firam ɗin da ya lanƙwashe, na sake ginin injin, ya fi na farko lafiya. Mako shida Gassan yana zuwa fili yana gwadawa, har ya fara kai giya ta huɗu.

Ana saura kwana uku a yi tseren, da rana tsaka ma'aikata sun tafi cin abinci, na durƙusa gaban tayar gaba. Akwai wata ƙusa da ke riƙe da gindin taya. In aka sassauta ta zagaye biyu aka cire ɗan ƙarfen da ke kulle ta, za ta riƙe a ƙaramin gudu, sai an kai ƙarshen totur za ta saki. Na cire ɗan ƙarfen. Na sa sifana na juya sau ɗaya.

"Ya zol."

Baba Taha ne tsaye a bayana da kwanon wake a hannu. Ya dubi sifanar, ya dubi abin da ke tafina. Ya ajiye kwanon ya zauna a ƙasa kusa da ni.

"Ba zan ce maka ka ji tsoron Allah ba, ka san wannan da kanka. Amma ka yi tunani. In ya mutu a filin nan, me za a ce? Gwarzo ya rasu a kan babur ɗin da ya gina da hannunsa. Za su nuna hotonsa mako guda. Ubansa zai sa kofin a gilashi. Ƙaryar ta zauna ke nan har abada, kai ka kafa mata gindi. Kai kuma a sare maka kai ranar Juma'a, 'yarka ta tashi ba ta san kamanninka ba."

"To in bar shi, Baba? In bar shi ya ci ƙafata?"

"Ni ban ce ka bar shi ba."

Ya ɗauki wakensa ya fita. Na daɗe a durƙushe. Ba tausayi ne ya sa na mayar da ƙusar ba, kada wani ya yaba mini. Na gane ne cewa gawa ba ta jin kunya, ni kuwa so nake ya ji, yana raye, a gaban mutanen da suka ɗauke shi a kafaɗa.

Gassan da kansa ya ba ni hanya. Don kada Ba'italiyen ya leƙi gyaran da aka yi, ya sa kafinta ya ƙera babban akwatin katako, ya ce a rufe babur a ciki tun ranar Alhamis, ba za a buɗe ba sai a gaban na'ura. Ni ya ba aikin rufewa. Na kulle kaina a ɗakin baya tun safe har la'asar. Da na gama na buga ƙusoshin akwatin, na kira 'yan dako suka ɗora a mota.

Taron ya ninka na bara. Ba'italiyen ya zo da jan babur ɗinsa, ya tayar, ya yi ruri, aka tafa. Sai mai gabatarwa ya jawo Gassan gaban akwati, cikin rigar fatar nan da aka zare daga jikina. Aka sa ƙarfe aka ɓalle murfin gaba.

Firam ne tsaye a kan tayoyinsa, tsirara, babu inji. A ƙasa na shimfiɗa farin ƙyalle a cikin faranta masu gefe, na jera komai: fistin, zobba, bawul, sifirin, haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, faifan kuloci, kafireta a warwatse har allurarta, ƙusoshi bisa tsawonsu. Kowanne na wanke shi da fetur yana ƙyalli. A gefe na ajiye sifanu a jere.

Gassan ya juyo yana nemana da ido. Ban ɓuya ba. Na tako da sandata har gaban na'ura, na yi magana da Larabcin da na shekara ina gyarawa saboda wannan ranar.

"Ya sidi, ka ce kowace ƙusa kai ka ɗaura. Ga su nan, ban taɓa ko ɗaya da mugunta ba. Ɗaura. Ni mai shara ne, in ka ce in miƙo sifana zan miƙo."

Wani a cikin rumfa ya tuntsire da dariya, aka yi masa tsawa. Mai gabatarwa, ko don bai gane ba ko don ya gane sarai, ya ce, "Tafaddal, ya Gassan, nuna wa masu kallo." Ba'italiyen ya zo ya tsuguna yana duba kayan, ya ɗaga fistin ya juya shi a rana, ya ce ta bakin tafinta shi zai jira, ko zuwa magariba ne. Wanda ya gina inji zai mayar da shi cikin awa huɗu.

Gassan ya durƙusa. Ya ɗauki bawul ya ajiye. Ya ɗauki wani haƙorin giya yana neman inda zai sa. Ya ɗauki zoben fistin ya buɗa shi da ƙarfi, ya karye a hannunsa, ƙarar ta fito ƙal, kowa ya ji. Gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan farin ƙyallen. Sai na naɗe ƙafar wandona har gwiwa na nuna wa rumfa.

"Wannan ita ce ƙafar da ta hau bara. Ina ƙarƙashin tamfol a motar can lokacin da kuke cin rago."

Direban nan Bayamane yana tsaye jikin mota. Wani dattijo daga cikin manya ya kira shi ya ce, "Gaskiya ne?" Ya dubi Shehu Hamza, ya dubi ƙasa, ya ce, "Wallahi gaskiya ne." Dattijon ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya nufi motarsa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Gassan ya taso ya kwaɗa mini mari na faɗi. Ina ƙasa ina dariya, jini a bakina, ban taɓa jin daɗin mari irin wannan ba.

Talabijin bai nuna ba, Shehu Hamza ya tabbatar da haka. Gudun Ba'italiyen kawai aka nuna, kuma bai kai nawa ba. Amma mutum ɗari da wani abu sun gani da idonsu, kafin sati babu gidan gahawar da ba a ba da labarin. Hala Zainab ta ce yara a Sharafiyya in sun ga motar Gassan sai su bi ta suna ihu, "Rakkib! Rakkib!" wato ɗaura.

Ni kuwa tun a ranar aka soke iƙamata, aka kai ni gidan da ake tsare waɗanda za a kora. Mako biyar na yi a can, mu fiye da hamsin a ɗaki ɗaya. A mako na huɗu aka kira ni bakin ƙofa. Shehu Hamza ne da kansa, ya rame.

"Makanikai huɗu na kawo," ya ce. "Har da wani Ba'armeniye. Sun kasa. Ka zo ka haɗa shi, mu ce wasa ne aka shirya. In mayar maka da iƙama, in kawo matarka a wannan watan. Yaron ba ya fita daga ɗaki."

Na daɗe ina kallonsa ta tsakanin ƙarafa. Na tuna Rabi, ba zan ce ban tuna ba. Amma in na yarda, ƙaryar za ta miƙe da ƙafarta, ni in ci gaba da ɗingishi.

"Ya ammi, ɗanka ne ya gina shi. Ni shara na iya."

Ana gobe za a tafi da mu Baba Taha ya zo, ɗauke da ƙullin tuwo daga Hala Zainab da wasu sifanu uku nasa na kansa a naɗe cikin tsumma, ya ce kada in isa gida hannu biyu. Ya matso da bakinsa jikin ƙarfe.

"Ya zol, gaya mini abu ɗaya. Ba'armeniyen nan gwani ne, na ga aikinsa. Sau uku yana haɗa injin, kullum sai kaya su yi saura a faranti, ya sake kwancewa. Me ka ɗauke?"

"Ban ɗauke ko wosha ba, Baba. Da na ɗauka da sun ce ɓarawo ne."

"To me ka yi?"

"Ƙari na yi. Guda tara, daga tsohon injin ban ruwa da ke bayan warsha. Na wanke su suka yi ƙyalli kamar sauran."

Dattijon nan ya dafa bango yana dariya har tari ya sarƙe shi, mai gadi ya zo ya kore shi.

Na iso Gusau da sanda, 'yata ta ɓuya a bayan uwarta don ba ta san ni ba. Rabi ta dubi ƙafar ta yi kuka, sannan ta ɗora ruwan wanka. Na buɗe rumfar gyara a bakin kasuwa, a nan na tsufa. Malamai sun sha gaya mini in yafe, ko don kaina. Na yafe wa mutumin da ya gudu da akwatina, na yafe wa maɗori. Gassan kam ban yafe ba. Shekaru bayan haka wani alhaji ya kawo mini saƙon baki daga Baba Taha, cewa an sayar da warshar, sabon mai ita ya tarar da akwatin katako a ɗakin baya, ya tambaya ko akwai wanda ya san yadda ake haɗa abin da ke ciki. Na ce wa alhajin in ya koma ya ce akwai, yana Gusau, kuma ba zai faɗa ba.